Yadda Za A Ciyar Da Nakasassu Ba Tare Da Sun Ƙware Ba

Da wuya a sami gida a cikin birnin Kano, tun daga Dala har Yakasai, inda ba a taɓa ganin wani ya ƙware da ruwa ko da loma ba. Ga mai lafiya abin ba ya wuce tari biyu ko uku, ido ya kawo ruwa, a yi masa sannu, a koma kan akushi. Amma akwai waɗansu bayin Allah a cikin gidajen nan namu waɗanda ƙwarewar nan ba wasa ba ce gare su. Kowace loma suka kai baka, da kowane kurɓi, akwai hatsari a ciki. Su ne yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, da dattawan da ɓarin jikinsu ya shanye, da tsofaffin da hankalinsu ya fara gushewa, da makamantansu. A cikin shekarar 1974 wani likita ya koya wa duniya dabarar fitar da lomar da ta maƙale, za mu kuwa zo kanta nan gaba. Amma nufinmu na fari shi ne mu bayyana yadda za a hana ta maƙalewa tun asali, gama rigakafi ya fi magani.

Kada mai karatu ya zaci maganar 'yan tsiraru mu ke yi. A cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke da nakasa mai tsanani, watau mutum ɗaya cikin kowane shida. A ƙasarmu kuwa mafi yawansu ba a gidan raino su ke ba, suna ɗakin uwa ne, ko na mata, ko na 'ya. Saboda haka ilmin nan na mutanen gida ne kafin ya zama na ma'aikatan asibiti.

Yadda Haɗiya Ta Ke

A cikin wuyan mutum akwai hanyoyi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ta gaba ita ce maƙogwaro, hanyar iska, wadda ta gangara zuwa huhu. Ta baya ita ce hanyar abinci, wadda ta gangara zuwa tumbi. Abin lura shi ne, daga can sama, bayan harshe, ƙofarsu ɗaya ce, kamar lungun da ya rabu biyu. Duk abin da zai shiga ciki tilas ya ratsa ta bakin hanyar iska.

To, ga yadda a ke tsare wannan mararraba. Haƙora su niƙa abinci, yawu ya jiƙa shi, harshe ya dunƙule shi ya tura baya. Nan take maƙogwaro ya ɗaga sama, tantanin murya su haɗe, wani ɗan marfi na guringuntsi ya kifu a kan hanyar iska, numfashi ya tsaya, loma ta wuce ta baya. Wucewar nan ba ta kai wa fiye da daƙiƙa ɗaya. Wanda ya ke so ya ji da kansa, ya ɗora yatsa a kan maƙogwaronsa ya haɗiyi yawu, zai ji ya hau ya sauko. Tsokoki masu yawa ne ke yin wannan aiki bi da bi, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce ke ba kowace umurni a kan lokacinta. In ƙwaƙwalwa ta sami rauni, ko tsokokin suka yi sanyi, sai marfin ya makara, abinci ya riga shi.

Daga nan ɗayan abu biyu ke faruwa. In abin da ya kauce ƙaton gutsure ne, sai ya toshe hanyar iska, wannan shi ne shaƙewa, yana kuwa kashewa cikin mintoci. In ruwa ne ko ɗan ɓurɓushi, sai ya zurara cikin huhu tare da ƙwayoyin cuta na baki, bayan kwana kaɗan zazzaɓi da ciwon huhu su taso. Na farkon shi a ke tsoro domin ana ganinsa da ido. Na biyun kuwa a ɓoye ya ke aikinsa, har akwai waɗanda ruwa ke shiga huhunsu ba su ko yi tari, saboda jijiyar da za ta ji shigarsa ta mutu. Sau da yawa a kan ce sanyi ne ya kama yaro, alhali kuwa kokon da a ke ba shi kullum safe shi ne ke sauka inda bai kamata ba.

Su Wa Abin Ya Fi Shafa

Ba kowane nakasasshe ba ne ke da wahalar haɗiya, wajibi ne kuwa mu rarrabe. Wanda shan inna ya taɓa, galibi ƙafa ce ta shanye, maƙoshinsa lafiya lau. An tabbatar a 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, suna cin abin da kowa ke ci. Haka kurma, haka makaho. Wanda ya tilasta wa irin waɗannan cin tuwo mai ruwa-ruwa don kawai yana ganinsu da nakasa, ya wulakanta su ba da dalili ba. Abin da makaho ke bukata shi ne a gaya masa abin da ke cikin kwano, a kuma cire masa ƙayar kifi da ƙananan ƙasusuwa.

Waɗanda abin ya fi shafa kashi huɗu ne. Na fari, yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun suna jarirai, ko don doguwar naƙuda ta hana su numfashi da wuri, ko don shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau. Mutanen Kano ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, waɗansu daga yaran da suka tsira a shekarar nan yanzu magidanta ne a shekaru, amma har yau sai an ba su a baki. Na biyu, manyan da hawan jini ya kai su ga shanyewar ɓarin jiki. Wajen rabinsu su kan kasa haɗiya sosai a kwanakin farko, ko da ya ke da yawa su kan farfaɗo cikin 'yan makonni. Na uku, tsofaffi masu gigin tsufa ko ciwon karkarwa, da waɗanda haƙoransu suka zube. Na huɗu, masu taɓin hankali da masu ƙarancin fahimta, waɗanda su kan cusa abinci da sauri ba tauna, ga shi kuma waɗansu magungunan da a ke ba su suna busar da yawu, suna kawo gyangyaɗi.

Alamun da za a duba ba su da wuyar ganewa. Tari ko hawaye a lokacin ci da sha. Murya ta koma kamar ta mai kurkure baki bayan ya haɗiya. Dalala, ko abinci ya riƙa dawowa ta hanci. Loma ta daɗe a kumatu ba a haɗiye ba. Cin da ya wuce rabin sa'a kwano bai ƙare ba. Rama ba tare da wani ciwo na fili ba. Zazzaɓi da ciwon ƙirji da ke tafiya suna dawowa. Wanda aka ga biyu ko uku daga cikin waɗannan a tare da shi, lalle a kai shi a duba.

Aikin Masanin Abinci

A manyan asibitoci akwai ma'aikaci wanda karatunsa duka a kan abinci ne da yadda ya ke aiki a jikin mai lafiya da maras lafiya. Shi mu ke kira masanin abinci. Ba shi kaɗai ke aikin ba. Likita ya nemo asalin ciwon, masanin magana da haɗiya ya gwada irin kaurin da maƙoshi zai iya ɗauka, wani lokaci har da hoton da ke nuna loma tana gangarawa, masu gashi kuma su gyara zama da riƙon wuya. Masanan haɗiya ba su da yawa a Nijeriya, don haka nauyi mai yawa ya kan faɗo a kan masanin abinci da ma'aikatan jinya.

Aikinsa uku ne. Na ɗaya, ya auna majinyaci, nauyinsa da tsawonsa. In yaro ne tsakanin wata 6 da shekara 5, ya zagaya damtsensa da ma'auni, wanda ya gaza santimita 12.5 ya shiga tamowa, wanda ya gaza 11.5 kuwa tamowarsa ta yi tsanani. Na biyu, ya tambayi abin da a ke dafawa a gidan, ya nuna yadda za a sarrafa shi ya dace da maƙoshin majinyaci, ba wai ya rubuta abincin gwangwani wanda mai gida ba zai iya saye ba. Na uku, ya tabbata sassautawar ba ta rage amfanin abincin ba. Wannan na ukun shi ne inda mutanen gida suka fi tuntuɓe. Uwa ta ga ɗanta ba ya iya tuwo, sai ta koma ba shi koko tsararo safe da yamma. Ciki ya cika da ruwa, jiki bai sami komi ba, yaro ya rame, tsokar haɗiya ta ƙara sanyi, ƙwarewa ta ƙaru. Masanin abinci shi ke tsinke wannan igiya. Zai ce a zuba cokali guda na man gyaɗa ko manja a dama shi cikin kunu sosai, a ƙara madara, ko ƙwai da aka dafa aka murje, ko garin waken soya, ko niƙaƙƙen kifi, a kuma raba ci sau biyar ko shida a yini maimakon uku.

Da can kowace ƙasa, kai har kowane asibiti, da irin sunayen da ya ke ba kaurin abinci, abin da wani ya kira mai laushi wani ya kira shi mai tauri, majinyata suna cutuwa a tsakani. Sai a cikin 2013 masana daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka kafa wani kwamiti da a ke kira IDDSI, suka fito da ma'auni guda mai hawa takwas, daga 0 zuwa 7. Abin sha ya kama daga 0 zuwa 4, abin ci daga 3 zuwa 7. Hawa na 0 shi ne ruwa zalla. Na 1 da na 2 da na 3 ruwa ne da ke ƙara kauri bi da bi. Na 4 shi ne abin da aka niƙa ya yi sumul, ya zauna a cokali, in an karkata cokalin ya faɗo gaba ɗaya bai manne ba. Na 5 shi ne wanda aka daddatsa ƙanana aka jiƙa da miya, gutsuren bai wuce faɗin milimita 4 ba ga babba, 2 ga yaro. Na 6 mai laushi ne da aka yanka, bai wuce milimita 15 ba ga babba, watau kamar faɗin farcen babban yatsa, 8 ga yaro. Na 7 shi ne abincin kowa.

Kyawun ma'aunin nan shi ne ba ya bukatar na'ura. Don gwada abin sha, a sami sirinji mai cin mililita 10, wanda tsawonsa daga sifiri zuwa 10 ya ke milimita 61.5, a cire allura da matsi, a toshe bakinsa da yatsa, a cika, a saki har daƙiƙa 10, a sake toshewa. In abin da ya rage bai kai mililita 1 ba, hawa na 0 ne. Daga 1 zuwa 4, na 1. Daga 4 zuwa 8, na 2. Fiye da 8, na 3. Don gwada laushi kuwa, a danna abincin da bayan cokali mai yatsu har farcen babban yatsa ya yi fari. In ya murje bai komo siffarsa ba, ya yi. Amma fa zaɓen hawan da ya dace da majinyaci aikin masana ne. Na gida aikinsa ya riƙe hawan da aka ce, ya riƙa gwadawa.

Abincinmu Na Gida

Bari mu ɗauko abincin birni mu aza a kan wannan ma'auni. Mutane da yawa suna tsammani ruwa ya fi komi sauƙin haɗiya. Ga mai raunin maƙoshi ba haka ba ne, domin ruwa ya fi kowane abu gudu, ya kan isa mararraba tun marfi bai rufe ba. Shi ya sa a kan ce wa waɗansu su sha abu mai ɗan kauri, kamar kunun gyaɗa da aka tace, ko kindirmo da aka burge. Sai dai a kula da abu biyu. Koko da kunu suna ƙara kauri in sun huce, suna kuma tsinkewa in yawu ya taɓa su, gama a cikin yawu akwai sinadarin da ke narka sitaci. Mata sun daɗe da sanin wannan. Dabara ita ce a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a wani ƙaramin kofi, kada a mai da cokalin da ya shiga baki cikin babban kwano. Abu na biyu, wanda aka hana ruwa tsararo ya kan rage sha, a bazarar Kano kuwa, lokacin da zafi ke kai wa awo 40, jiki na bushewa da sauri. A riƙa lissafin kofunan da ya sha a yini, a duba fitsarinsa, in ya yi kaɗan ya yi ja, a koma wurin masana.

Tuwon dawa ko na masara, in an tuƙa shi da laushi aka murje shi cikin miyar kuka har suka zama abu guda, abinci ne mai kyau ga irin waɗannan. Amma tuwon da ya kwana ya yi ɓawo, ko na shinkafa mai danƙo da ke manne wa ganɗa, ko sakwara, sai an yi hattara. Miyar kuɓewa da ta karkashi suna da santsi, santsin nan kuwa ya kan ja loma ta zarce kafin a shirya mata, don haka a ƙanƙanta loma. Kabewa da dankali da doya da aka dafa lugub aka dama, da alala mai laushi, da ayaba da gwanda nunannu da aka murje, duk suna da kyau. Nama kuwa a dafa shi har ya saki, a daka a turmi ko a niƙa, a haɗa da miya mai kauri.

Ga waɗanda suka fi hatsari. Ɗanwake, domin ga shi dunƙulalle, ga santsin mai, ga danƙo, girmansa kuma daidai bakin maƙogwaro. Tsire da balangu da kilishi da ganda, masu bukatar doguwar tauna. Gurasa da burodi, ko da ya ke suna da taushi a hannu, su kan cure a baki su zama dunƙule mai manne wa. Gyaɗa, da aya, da ƙuli-ƙuli, da gugguru, da alewa mai tauri. Dabino da magarya da kurna da ɗinya, saboda ƙwallonsu. Dambu da burabusko da garau-garau da dambun nama, domin suna watsewa a baki harshe ya kasa tattara su. Rake da mangwaro mai zare. Tunkuza ko man gyaɗa mai kauri in an ba da shi tsura. Goro ma, ko an goga shi a magogi, ɓurɓushinsa busasshe ne.

Akwai kuma nau'in da ba a cika zarginsa ba, watau abincin da ya haɗa ruwa da gutsure wuri ɗaya. Fura mai gaya ita ce babban misali. Baki yana fama da gaya, nono ya riga ya gangara. Haka shayi da aka tsoma burodi, haka romo mai tsoka a ciki, haka lemo da kankana masu fashewa da ruwa. In za a ba da fura, a dama ta sosai a tace da rariya har ta zama kauri guda. A watan azumi kuma a ƙara lura da tsofaffi lokacin buɗa baki, gama yunwa da ƙishirwa suna sa gaggawa, a cire ƙwallon dabino, a jiƙa shi a murje.

Zama Da Ba Da Loma

Kome kyawun abinci, in zama ya ɓaci aikin ya ɓaci. Kada a ciyar da mutum yana kwance. A zaunar da shi sosai, bayansa a jingine, a tokare shi da matasai ta ɓarin da ya shanye, ƙafafunsa a dafe. Kansa ya daidaita, haɓa ta ɗan sunkuyo. In kai ya ɗaga sama hanyar iska buɗewa ta ke yi, shi ya sa shan ruwa daga buta ko gora, wanda ke sa a ɗaga wuya, bai dace da su ba. Kofi mai faɗin baki ya fi, ko cokali. Mai ba da abinci ya zauna daidai da shi ido da ido, domin in ya tsaya a kansa tilas majinyaci ya ɗaga kai. Yaron da jikinsa ke sanƙarewa a rungume shi a cinya, a lanƙwasa ƙugunsa da gwiwoyinsa, a tallafi ƙeyarsa da damtse.

Loma ta zama ƙarama, kamar cikin ƙaramin cokalin shayi. A jira a ga maƙogwaro ya hau ya sauko, a duba baki ya zama wayam, sa'an nan a ƙara. A yi masa magana kafin loma, ba lokacin da ta ke baki ba: "Baba, tuwo ne da miyar kuka, ya huce, bismilla." In ya kau da kai a dakata. Wanda ke iya kai hannu baka a bar shi ya ci da kansa, a taimaka masa kawai, gama mutum ya fi sanin lokacin haɗiyarsa in hannunsa ne ya kawo lomar. Mai gyangyaɗi a bar shi sai ya wartsake. A kashe rediyo da talabijin, a hana yara ba shi dariya.

Al'adarmu ta haɗa hannu a kwano ɗaya abu ne mai kyau, amma yaro mai jinkirin tauna in ya ga 'yan'uwansa za su cinye, sai ya haɗiye ba tauna, ko kuwa ya tashi da yunwa. A zuba masa nasa dabam, amma ya zauna a tabarma ɗaya da su, kada a ware shi a ɗaki. Kada kuma a bar wa ƙaramar yarinya aikin ciyar da shi ba babba a kusa. In an gama, a share kumatu daga ciki, a wanke baki da buroshi ko asuwaki, domin tsabtar baki tana rage ciwon huhu. A bar shi a zaune rabin sa'a kafin ya kwanta. Ƙwayar magani kuwa kada a daka ta sai an tambayi mai ba da magani, gama akwai waɗanda aka yi su don su narke a hankali, daka su ɓarna ce.

Abubuwa Uku Da Ya Kamata A Bari

Na fari shi ne ɗure. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara koko ko jiƙo a tafin hannu a bakinsa. Yaron da aka toshe wa hanci tilas ya ja iska ta baki, abin da ke bakin kuwa shi zai ja zuwa huhu. Iyaye suna yi ne don ƙauna, don kada yaro ya kwana da yunwa, amma ko ga lafiyayye hatsari ne, balle mai raunin haɗiya. Yaron da ke ƙin ci sau da yawa tsoron ƙwarewa ne ke hana shi, ba taurin kai ba.

Na biyu shi ne ɗora laifin a kan beli a kai wa wanzami ya cire. Raunin yana cikin ƙwaƙwalwa ne da tsoka, cire beli ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara zubar jini da miki a inda dama a ke wahala.

Na uku, in farfaɗiya ko jijjiga ta kama mutum, kada a ɗura masa ruwa ko mai ko magani, kada a cusa masa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe, a kau da abin da zai buge shi, kada a ba shi komi sai ya farka sarai.

In Loma Ta Maƙale

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska. Daga kamar minti 4 ta kan fara lalacewa. Wanda ya san lungunan Jakara ko Koki ko Madabo, inda mota ba ta shiga, ya san kafin a ciccibo mutum zuwa bakin titi, a sami adaidaita sahu, a ratsa cunkoson kasuwar Kurmi ko ta Rimi, mintocin nan sun daɗe da wucewa. Saboda haka wanda ke kusa shi ne likitan farko.

In mutum yana tari da ƙarfi, yana iya magana, a bar shi ya yi ta tari, kada a ba shi ruwa, kada a zura masa yatsa a laluba, domin yatsa ya kan ƙara tura abin ciki. In kuwa murya ta ɗauke, tari ba ƙara, ya kama wuyansa, leɓe ya fara sauya launi, to hanya ta toshe. A sa wani ya nemo abin hawa, mai taimako kuma ya sunkuyar da shi gaba, ya tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, ya buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu da ƙarfi sau 5. In bai fito ba, ya zagaya bayansa ya rungume shi, ya dunƙule hannu ya aza tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, ya dafa da ɗaya hannun, ya fizgo ciki da sama sau 5. Wannan ita ce dabarar da likita Henry Heimlich na Amurka ya bayyana a 1974. Iskar da ta saura a huhu ita ke tunkuɗo lomar kamar toto daga bakin kwalba. A yi ta maimaitawa, biyar a baya biyar a ciki. Wanda ke kan keken guragu a danne birki, a durƙusa ta bayansa a yi. Mace mai ciki da mai ƙiba ƙwarai, a ƙirji a ke matsa su, ba a ciki ba. Jaririn da bai cika shekara ba a kifa shi a kan hannu, kansa ƙasa da ƙirjinsa, a buga bayansa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 5, ba a taɓa cikinsa. In mutum ya sume, a shimfiɗa shi a ƙasa mai tauri, a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi da sauri, bayan kowane 30 a duba baki, abin da aka gani da ido a cire. Ko lomar ta fito, wanda aka matsa wa ciki a kai shi asibiti a duba.

Inda Za A Nufa

Mutanen birni ba su rasa wurin zuwa ba. Ga Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala Muhammad bayan rasuwarsa a 1976. Ga Asibitin Yara na Hasiya Bayero. Ga Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, inda a ke gashi. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a hanyar Zariya, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen masana abinci. Wanda ya je, ya buɗe baki ya ce a haɗa shi da masanin abinci, ya kuma tafi da ɗan abin da a ke ba majinyacin a gida da cokalinsa, don a ga yadda ya ke ci. In masana suka ce haɗiya ta gagara, suka ba da shawarar sa roba ta hanci ko ta ciki, kada a ɗauka alamar mutuwa ce. Da yawa an sa musu ita na 'yan makonni, suka yi ƙarfi, aka cire, suka koma ci da baki.

A cikin Janairu 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa nakasassu bambanci a Nijeriya. Doka tana da amfaninta, amma ba ta shiga tsakar gida ta riƙe cokali. Wannan sai mu. Kano ta daɗe da tsarin da ya san da zamansu, ga Sarkin Makafi, ga Sarkin Guragu, ga masu unguwanni da ke sane da kowane gida. Da za a bi ta hannunsu a koya wa ko da mutum biyu a kowane lungu yadda a ke zaunar da majinyaci, da yadda a ke gwada kaurin kunu, da bugu biyar da matsa biyar, da an tsirar da rayuka ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ya karanta wa matan gidansu, gama su ne ke riƙe da ludayi. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.